Jinin Baba ya sauka, mu dakatar da maganin?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki wata 4 da suka wuce, aka sallame shi da maganin hawan jini amlodipine 10mg. Yanzu awon jininsa 138/86, amma ƙafafunsa sun kumbura. 'Yan uwa sun ce tunda jinin ya sauka a bar maganin. Mi kuka gani?

Nas Arkilla:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku kuskura. Maganin ne ke riƙe da jinin, ana barinsa zai koma inda ya fito, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya sake bugu. Wanda ya taɓa shanyewa ana son awonsa ya zauna ƙasa da 130/80, ka ga ma da saura. Kumburin idon sawu sanannen halin amlodipine ne, musamman 10mg. Ku kai shi asibitin koyarwa na UDUTH ko asibitin Specialist a Sakkwato. Likita kan rage shi zuwa 5mg ya haɗa da wani, kamar losartan ko indapamide. Amma kada ku canza da kanku a kemis.

Malam na Runjin Sambo:
Awon ma sai an gyara, ɗan'uwa. Ya zauna minti 5 bayansa jingine, ƙafa a ƙasa, hannu bisa tebur daidai ƙirji, ba surutu. Kada ya ci goro ko ya sha shayi minti 30 kafin nan. A auna sau 2, minti 1 tsakani, safe kafin shan magani da kuma dare, har kwana 7. Ku rubuta a littafi ku kai wa likita. Na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu, kuma in ɗaurin ya yi wa damtsen kaɗan, lambar na hawa fiye da gaskiya.

Hajiya Mai Magani:
Ku leƙa tukunya. Gishirin yini duka kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma magi da kanwa suna cikin lissafin. A ƙara daddawa, albasa da tafarnuwa, miya ba za ta yi lami ba. Abin da ya fi damuna shi ne diclofenac da ibuprofen da tsofaffi ke sha don ciwon gwiwa: suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda. In an ba shi maganin sa fitsari irin indapamide, zafin Afrilu na Sakkwato na iya sa shi jiri in ya miƙe, sai ya riƙa shan ruwa yana tashi a hankali. In baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.