Mutum-mutumi a aji: karatu ne ko ɓata lokaci?

Malam Bello: Maganata tana nan. Yaron da ya haɗa mutum-mutumi guda, wato na'urar robot, da hannunsa ya fi wanda ya haddace littafin fiziks fahimtar lantarki. Dokar Ohm, ta lissafin gudun lantarki a waya, a allo haruffa ne ukku kawai. Amma ran da ya jona ƙaramin ƙwan fitila da batir ba risista mai rage gudun wuta, ƙwan ya ƙone a gabansa, ba ya ƙara mantawa.

Malama Hadiza: Allah shi gafarta Malam, ajin wa kake nufi? Nawa ya cika har wasu na zaune ƙasa, wuta kuma sai ta ga dama. WAEC da NECO ba su tambayar mutum-mutumi. Yarinya ta faɗi fiziks, ubanta ni zai tuhuma.

Malam Bello: Malama, ai a jarrabawar aikin hannu ta WAEC ana ba su batir da waya da ma'aunin lantarki su jona. Wanda ya saba da waya hannunsa ba ya rawa. Batun wuta kuwa, allon Arduino Uno, wato ƙwaƙwalwar mutum-mutumin, volt 5 yake ci, batirin cajin waya ya ishe shi.

Aminu: Malamaina, ku ba ni dama, ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗanfodiyo. Akwai 'yar na'urar da ake sa wa mutum-mutumi don kada ya yi karo da bango. Tana jefa sauti, ta auna lokacin da ya ɗauka ya dawo, a ninka da gudun sauti, a raba biyu. Littafi ya ce gudun mita 343 ne a daƙiƙa, amma wannan a zafin digiri 20 ne. A zafinmu na Afrilu, digiri 40, ya kai wajen 355. Ke nan a tazarar mita guda awon zai kauce da kusan santimita 3. Yaron da ya gano haka da abin awo a hannunsa ya yi fiziks da lissafi a zama ɗaya, kuma ya san abin da ke littafi yana da sharaɗi.

Alhaji Umaru: Ɗana, ka yi magana mai kyau, amma wa zai saya? Ni mai biyan kuɗin makaranta ne. An taɓa karɓar mana kuɗin kwamfuta, har yau suna kulle a ɗaki, ƙura ta rufe su.

Malama Hadiza: Abin da nike tsoro ke nan, Alhaji. Kaya ba su koyarwa, malami ke koyarwa. Mu nan ba wanda ya taɓa nuna mana yadda ake rubuta wa na'ura umarni. In da gaske ake, a fara da masu koyon malanta a Kwalejin Shehu Shagari.

Malam Bello: Wannan na yarda da ke. Amma ban yarda a jira ba. Allo guda ya ishi yara biyar, taya da injin juya ta a ciro daga tsofaffin motocin wasa. Ba dole sai mai tafiya ba ma. A yi wanda zai ji ƙasa ta bushe ya kunna famfo. Ɗan manomin albasa zai gane amfaninsa nan take.

Alhaji Umaru: In na ga famfon ya kunna kansa a fadamata, ni zan sayi allo biyu. Kafin nan dai ban buɗe aljihu.

Malama Hadiza: Ni kuma sharaɗina, Malam, 'yan mata su riƙe waya da kansu, ba a bar su da rubuta rahoto ba. Kuma ranar Asabar, kada a taɓa min lokacin darasi.