Muhawara: Wai Ferguson ne ya haƙa ramin da Man U ta faɗa?

Daga wani zauren WhatsApp na magoya bayan Manchester United, kwanaki kaɗan bayan ƙungiyar ta gama kakar 2024/25 a mataki na 15 a Firimiya, Tottenham kuma ta doke ta da ci 1-0 a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao.

Nura: Salamu alaikum jama'a. Yau zan faɗi abin da ke raina, mai zagi ya zaga. Shekara 12 ke nan muna tsine wa iyalan Glazer masu kulob, muna zagin Woodward tsohon shugaban gudanarwa, duk kocin da ya zo mu raka shi da jifa. Mutum ɗaya ne ba mai iya ambatarsa, alhali shi ya haƙa ramin nan da hannunsa. Tsohon kocinmu, Sir Alex Ferguson.

Baba Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Nura, lafiyarka ƙalau kuwa?

Nura: Ƙalau nake Baba, Allah ya ƙara girma. Ku ba ni dama in kawo hujja.

Baba Ɗanjuma: Mutumin da ya zo a 1986 ya tarar rabonmu da kofin lig tun 1967, ya ɗaukar mana Firimiya 13 da Kofin Zakarun Turai 2, shi ne yau ya zama mai laifi? To bismilla, muna ji.

Nura: Ban ce bai ci kofi ba. Amma ku tambayi kanku ta wace ƙofa Glazer ya shigo. Akwai wasu attajirai biyu 'yan Ireland, John Magnier da JP McManus, su ne ke da kaso mafi tsoka na hannun jarin kulob, kusan kashi 29 cikin ɗari, kuma aminan Ferguson ne. Sai rigima ta ɓarke tsakaninsa da Magnier a kan dokin sukuwa mai suna Rock of Gibraltar. Dokin ya ci manyan tsere bakwai a jere, Ferguson ya ce yana da kaso a kuɗin da za a samu in an sa shi barbara, Magnier ya ce babu wannan maganar. Har kotu Ferguson ya kai shi. Su kuma suka aika wa shugabannin kulob tambayoyi 99 a kan cinikin 'yan wasa. An sasanta a 2004, amma zumunci ya riga ya mutu. Mayun 2005 suka sayar wa Malcolm Glazer kasonsu, shi ke nan kulob ya tafi. A kan doki fa, Baba. Doki!

Khalifa: Yaya Nura da gaske kake ko tatsuniya ce? Wallahi ban taɓa jin wannan ba.

Malam Habu: Labarin dokin gaskiya ne Khalifa, amma yayanka ya ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Tun 1991 United take kasuwar hannun jari, duk mai kuɗi yana iya saye. A 1998 kamfanin BSkyB na Rupert Murdoch ya taya ta fam miliyan 623, shugabanni suka amince, gwamnatin Birtaniya ce ta hana a 1999. A nan wane doki ne ya yi laifi? Glazer kuma tun 2003 yake tsintar hannun jari kaɗan-kaɗan. Mutanen Ireland ɗin 'yan kasuwa ne ba 'yan kallo ba, an ba su farashi mai riba suka sallama. Ko da suna cin tuwo kwano ɗaya da Ferguson sai sun sayar.

Nura: Malam, wannan zato ne, ni kuma abin da ya faru na faɗa. To mu bar doki. Bayan an saya fa? Magoya baya a Manchester sun fusata har wasu suka ɓalle suka kafa FC United a 2005. A 2010 filin Old Trafford ya cika da mayafan kore da ruwan ɗorawa, ana zanga-zanga. A duk duniya mutum ɗaya ne da zai buɗe baki Glazer ya girgiza. Me ya yi? Yabonsu ya riƙa yi, yana cewa ba su taɓa hana shi abin da ya nema ba.

Anti Bilki: A nan kam Nura yana da magana. An sayar da Ronaldo fam miliyan 80 a 2009, Tevez ya tsallaka City a shekarar. Wa aka kawo? Valencia, Obertan, sai Michael Owen da aka samu kyauta. In an tambayi tsohon sai ya ce babu ɗan wasan da ya kai kuɗinsa a kasuwa. A kasuwar nan kuwa City ta ɗauko David Silva da Yaya Toure a 2010, mu muka ɗauko Bebe, wanda shi kansa Ferguson ya ce bai taɓa ganin wasansa ba.

Baba Ɗanjuma: Kuma da waɗannan yaran da kike rainawa ya ci lig a 2011, ya je wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Wembley, ya sake cin lig a 2013 da ratar maki 11. Bilkisu, in ba gwaninta ba ce wannan, mece ce?

Anti Bilki: Gwaninta ce Baba, ba wanda ya musa. Gwanintar ce ma ta rufe mana ido, muna ta murna gida na zubewa ta baya.

Malam Habu: Ku tsaya in yi muku bayanin kuɗin, don a nan cutar take. Glazer ya sayi United a kan kusan fam miliyan 790, amma mafi yawan kuɗin ba daga aljihunsa suka fito ba. Rance ya ciyo, sannan ya ɗora bashin a wuyan kulob ɗin da kafin zuwansa ba a binsa komai. Kamar mutum ne ya ci bashi ya sayi shagonka a Kantin Kwari, sannan ya ce cinikin shagon ne zai biya bashin da kuɗin ruwansa, shi kuma duk ƙarshen shekara ya zo ya kwashi riba. Shekara 20 ke nan, bashin yana nan sama da fam miliyan 500, abin da ya zurare ta hanyar kuɗin ruwa da ribar masu kulob da makamantansu ya haura fam biliyan 1. Kun ga ruwan da ya riƙa kwarara daga rufin Old Trafford ranar wasan Arsenal a Mayun 2024? Filin da ko cikin waɗanda za a buga Euro 2028 ba a sa shi ba, aka ɗauki na City. Ferguson ne zai hau ya gyara kwano? Ma'aikaci ne shi ma, albashi ake biyansa.

Auwalu: Ina gaisuwa 'yan mataki na 15. Na ga ana rabon gado ne na ce bari in leƙo. Mu dai 'yan Liverpool kofin lig 20 ya cika, mun kamo ku.

Alhaji Sabo: Auwalu, don kana ƙanin matata na bar ka a zauren nan. Ka kiyaye.

Auwalu: Tuba nake Alhaji. Amma tsakani da Allah zan taimaki Nura da magana ɗaya. Klopp, kocinmu na Liverpool, ya sanar tun Janairun 2024 cewa zai tafi. Aka nemo Slot daga Feyenoord, ba a saya masa kowa ba sai Chiesa da ya ƙare a benci, ya ɗauki kofi a kakarsa ta farko. Saboda an bar masa ƙungiya a tsaye, da ofis mai aiki. Ku me aka bar wa Moyes, wanda ya gaji Ferguson a 2013?

Nura: Allah ya biya ka, duk da ba don Allah ka faɗa ba. Ga abin da aka bar masa: Giggs yana da shekara 39, Ferdinand 34, Vidic da Evra da Carrick duk sun haura 30, Scholes ya yi ritaya. Tsakiya babu kowa. A Janairun 2012 maimakon ya ba Pogba dama sai ya dawo da Scholes daga ritaya, yaro ya yi fushi ya tafi Juventus, muka dawo muka saye shi fam miliyan 89 a 2016. Van Persie kuma an sayo shi ne don a ci kofin bankwana, ya zura 26 aka ci, daga nan jiki ya fara ba shi matsala. Sannan wa ya zaɓi Moyes? Mutumin da ya yi shekara 11 a Everton bai ɗauki kofi ko ɗaya ba, aka ba shi kwantiragin shekara shida saboda Ferguson ya nuna shi da yatsa. Mourinho yana nan a shekarar, ya bar Madrid ya koma Chelsea. Wata goma aka kori Moyes, muka ƙare na bakwai.

Baba Ɗanjuma: Moyes da ya zo ya sallami Mike Phelan da Meulensteen da mai horar da gololi, mutanen da suka san ciki da wajen ƙungiya, ya kwaso nasa daga Everton? Ferguson ne ya ce ya yi haka? Kuma kar ka manta David Gill, shugaban gudanarwa, ya sauka a lokaci guda, aka ɗora Ed Woodward, ma'aikacin banki wanda ya taya Glazer ƙulla cinikin kulob. Duk bazarar nan yana bin Fabregas, ranar rufe kasuwa ya dawo mana da Fellaini.

Khalifa: Ni dai ina da shekara bakwai aka ɗauki kofin lig na ƙarshe. Abin da na sani shi ne Liverpool 5-0 a gidanmu, Liverpool 7-0 a Anfield, De Gea ya ɓarar da fenariti a gaban Villarreal. Kullum ku ce mana da kaza da kaza. Abokaina 'yan City har tausayina suke ji, wannan ya fi zagi ciwo.

Baba Ɗanjuma: Yi haƙuri ɗana. Koci Matt Busby ya ɗaukar mana kofin Turai a 1968, shekara shida bayan nan United ta faɗa rukuni na biyu. An yi shekara 26 ana jiran lig. Su Auwalu da ke mana dariya 30 suka yi.

Nura: Baba kun kawo mini hujja da kanku. Busby ya sauka a 1969 amma bai bar gidan ba, yana sama yana leƙen magadansa McGuinness da O'Farrell, 'yan wasa na kai masa ƙara. Ferguson ya san tarihin nan sarai, shi ma ya zauna a kujerar manya kyamara na haska fuskarsa duk lokacin da aka zura mana. Kuma wa ya kira Ronaldo a waya a 2021 don kar ya je City? Solskjaer ya gama na biyu, yana gina ƙungiyar yara masu gudu, aka kawo masa ɗan shekara 36. Watan Nuwamba aka kore shi.

Anti Bilki: A'a Nura, nan ka wuce gona da iri. Ranar da Ronaldo ya dawo ya ci Newcastle biyu har rawa aka yi a zauren nan, kai ne ma ka fi kowa turo hoto. Kuma ƙwallo 24 ya ci a kakar, ba don shi ba da abin ya fi haka muni. Ni inda na tsaya: Ferguson yana da laifin shiru a kan Glazer, yana da laifin Moyes. Wannan ya ci mana shekara biyu, a yi uku. Sauran tara fa? An kashe sama da fam biliyan 1 wajen sayen 'yan wasa tun tafiyarsa. Maguire miliyan 80, Sancho 73, Antony sama da 80. Di Maria kaka ɗaya ya yi ya gudu. Sanchez ya zo yana kaɗa fiyano a bidiyon gabatar da shi, ya tafi da albashi. Ba rashin kuɗi ba ne, rashin wanda ya san abin da yake saye ne. Van Gaal ya tara masu riƙe ƙwallo, Mourinho ya zo yana son ƙarti, Ten Hag ya kwaso yaransa na Ajax, yanzu Amorim yana son 'yan baya uku da babu su. Kowa ya zo sai a sake sabon lale. Kuma abin takaici, McTominay da muka sayar ya je Napoli ya ɗauki Serie A, aka ba shi gwarzon ɗan wasan gasar. Antony da muke wa dariya ya je Betis aro ya zama mutum.

Malam Habu: Shi ya sa da Sheikh Jassim na Qatar ya janye a Oktoban 2023 na kwana da baƙin ciki, don shi cewa ya yi zai saye duka ya share bashin. Aka ba attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe kashi 27 da ɗoriya, Glazer na nan daram. Ratcliffe kuma ya tsawaita wa Ten Hag kwantiragi a Yulin 2024, ya kore shi a Oktoba. Ya sha wahalar ɗauko daraktan wasanni Dan Ashworth daga Newcastle, wata biyar ya sallame shi. Ya kori ma'aikata 250, ya mayar da tikiti fam 66 har ga yara da tsofaffi, shi kansa Ferguson an yanke kuɗin jakadancin da ake ba shi. Sannan a nuna mana zanen sabon fili mai cin mutum 100,000. An gudu ba a tsira ba.

Alhaji Sabo: Ni ku bar ni da nawa lissafin. Da, in United na wasa sai na ƙaro benci daga makwabta a gidan kallona. Bana akwai ranar da kuɗin ƙofa bai biya man janareta ba. Kaka mai zuwa kuma babu Turai sam, ba Talata ba Alhamis. Amorim da bakinsa ya ce watakila wannan ce United mafi muni a tarihi, wa zai biya kuɗi ya zo ya kalla?

Nura: Anti Bilki, tambayarki ta shekara tara ita ce amsata. Me ya sa babu wanda ya san abin da yake saye? Saboda shekara 26 mutum ɗaya ne koci, shi ne mai sayen 'yan wasa, shi ne mai kula da makarantar yara, shi ne alƙali. City ta ɗauko Begiristain a matsayin daraktan ƙwallo tun 2012 tana share wa Guardiola hanya shekara huɗu kafin ya zo. Mu ba mu naɗa daraktan ƙwallo ba sai 2021. Ranar da tsohon ya fita, da ofis ɗin gaba ɗaya ya fita a cikin kansa.

Baba Ɗanjuma: To gina ofis aikin wa ne, na koci ko na mai kulob? Shekara takwas Glazer suna tare da shi, sun san ba zai dawwama ba. Ƙungiyarsu ta ƙwallon Amurka, Tampa Bay, ai sun iya nemo mata shahararren ɗan wasa Tom Brady ta ɗauki kofi a 2021. Inda suka damu suna iyawa.

Nura: Na yarda aikinsu ne, Baba. Amma ku faɗa mini tsakaninku da Allah: a 2010, wa ya isa ya shiga ofishin Ferguson ya ce masa an naɗa wani a samansa da zai riƙa zaɓar masa 'yan wasa?

Malam Habu: Mai kulob ya isa, in ya san aikinsa. Su dai ba su tambaya ba ne, tunda kofi na shigowa kuma kuɗin ruwa na biyuwa.