Ciwon gwiwar Hajiya: hutu ya fi mata ko motsa jiki?

Ɗan Unguwar Rogo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da waɗanda suka taɓa jinyar irin wannan lalura. Mahaifiyata tana da shekara 64, muna zaune a Unguwar Rogo a nan Jos, kuma shekara uku ke nan gwiwoyinta suna damunta, ta dama ta fi tsanani. Idan ta tashi da asuba sai gwiwar ta sage, ta ɗauki kamar minti goma tana dafa bango kafin ta saki. Da sanyi ya shigo a watan Disamba abin ya ƙaru, har ta daina zuwa Islamiyya, ta daina zuwa kasuwar Farin Gada inda ta saba zaɓen kayan miyarta da hannunta, sallah ma a kan kujera take yi.

Mun kai ta asibiti aka yi hoton ƙashi, likita ya ce guringuntsin gwiwar ne ya zaizaye, ya rubuta magani, ya kuma ce ta riƙa tafiya da ƙafa, ta je sashen gashin ƙashi a koya mata atisaye. A nan ne kan gida ya rabu biyu. Yayata da ƙannen Hajiya suna cewa abin da ya riga ya zaizaye, ƙara goga shi ƙara cinye shi ne, kamar tayar mota, don haka ta zauna jikoki su yi mata komai. Ni kuma ina ganin wata ukun da ta yi a zaune bai ƙara mata komai ba sai nauyin jiki, domin yanzu tashi daga kujera ma sai an kama ta. Shin tafiyar ba za ta ƙarasa gwiwar ba? Kuma gaskiya ne sanyin Jos ne ya jawo mata, kamar yadda kowa ke faɗa?

Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri a kan kula da ita. Bayanin da ka yi ya dace da nau'in amosanin gaɓɓai da ya fi yawa, wanda likitoci ke kira ostiyo'atiraitis. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 528 ne ke ɗauke da shi, gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari mata ne.

Misalin tayar mota yana da saurin shiga kai, amma bai dace da jikin ɗan Adam ba, domin taya ba ta da rai, guringuntsi kuwa yana da shi. Babu jijiyoyin jini a cikinsa, saboda haka abincinsa yana zuwa ne daga ruwan da ke cikin gaɓa, kuma ruwan ba ya ratsa shi sai an danna an saki, kamar yadda soso ke shan ruwa idan an matse shi aka sake. Wannan dannawa da sakin shi ne abin da tafiya da lanƙwasa ƙafa suke yi. Abu na biyu, wanda a wurina ya fi muhimmanci, shi ne tsokar gaban cinya. Ita ce ke riƙe gwiwa, tana rage mata girgizar kowane taku, kuma tsoka tana saurin ramewa idan an daina amfani da ita, balle a jikin dattijuwa. Abin da ka gani, cewa bayan wata uku sai an kama ta kafin ta miƙe, mafi yawansa raunin tsokar ne, kuma alhamdu lillahi tsoka tana dawowa ko da a shekara 80.

Ga abin da muke fara koya wa irin su Hajiya. Ta zauna a kujera mai ƙarfi da ba ta nutsewa, ta miƙe ƙafa ɗaya a hankali har ta daidaita, ta riƙe ta ƙirga biyar, ta sauke, sau goma kowace ƙafa. A kan gado kuma ta lanƙwasa ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga katifa. Idan waɗannan sun zauna, sai ta koma tashi da zama daga kujera, da farko tana dafa hannun kujerar, daga baya ba tare da dafawa ba. Tafiya ta fara da minti biyar ko goma a wuri mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ko da a tsakar gida ne, ana ƙara kaɗan kowane mako. Abin da ake so baligi ya kai shi ne tafiyar minti 150 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka a kwana biyu, amma wannan wurin da za a isa ne bayan watanni, ba a fara daga nan ba.

Za ta ji ɗan ciwo, kuma ya kamata a faɗa mata tun yanzu don kada ta tsorata ta daina. Ma'aunin da muke bi shi ne, idan bayan awa biyu da gamawa ciwon ya fi yadda yake kafin ta fara, ko gwiwar ta kwana a kumbure, to an wuce ƙima, washegari a rage yawan, kada a bari gaba ɗaya. Batun ƙiba ma ba ƙarami ba ne, domin kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Sanyi ba ya zaizaye guringuntsi. Shekaru, ƙiba, tsohon rauni, gado da aikin da ke yawan sa tsuguno ko ɗaukar kaya su ne manyan dalilai, kuma mutanen Sakkwato da Maiduguri ma suna fama da shi duk da zafin garuruwansu. Sai dai mutane da yawa sun fi jin sagewar a lokacin hunturu, kuma a lokacin ne suke rage motsi. Ta ɗora tawul mai ɗumi a gwiwar na minti goma kafin ta fara atisayen.

Tsohon malamin makaranta daga Gangare ya amsa:

Ɗana, ni abin ya same ni a jikina, shekarata 71. Kafin in yarda da maganar asibiti na yi fiye da shekara ina sayen haɗin ƙwayoyi a wani kemis, ana ƙulla mini su a leda ba suna ba takarda, kuma gaskiya ina sha ciwon yake ɗaukewa. Daga baya cikina ya fara zafi, fuskata ta cika, da aka auna ni aka ce jinina ya hau kuma ina da gyambon ciki. Likita ya bayyana mini cewa magunguna irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe a kansu ba tare da kulawa ba, suna iya ɓata ciki da ƙoda, kuma irin wannan haɗi wani lokaci ana saka masa sitiroyid, wani magani mai ƙarfi na rage kumburi wanda yawan shansa ke sa fuska ta cika. Ina roƙonka ka duba jakar Hajiya da kanka, domin 'yan dubiya kowa da maganin da yake kawowa, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta ƙi ba.

Yanzu ina fita da hantsi idan rana ta ɗan buɗe, domin sanyin asubar garin nan ba na masu gwiwa ba ne. Jos gari ne na hawa da gangara, kuma na lura gangarowa ta fi hawa cin gwiwa, saboda haka na zaɓi layi guda mai daidai ina kai da komowa a kansa. Sanda ma akwai yadda ake riƙe ta, wanda na yi shekaru ban sani ba: a hannun da ke kishiyar gwiwar da ke ciwo ake riƙewa, wato ita Hajiya da hagu za ta riƙe. Ku sama mata takalmi mai taushin ƙasa da ke kama ƙafa, silifas ba ya wannan aiki. Idan bayan gidanku na tsuguno ne, ku sa mata kujerar da aka yi domin haka, da ƙarfen dafawa a bango.

Kujerar sallah kuwa kada ta zame mata abin damuwa. Hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne, cewa mutum ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ni nakan yi tsayuwa da ruku'u, in zauna wajen sujada, bayan na tambayi malamai.

Wata baiwar Allah daga Bukuru ta amsa:

Ban yi saɓani da waɗanda suka riga ni ba, amma ina tsoron wani ya karanta ya ɗauka kowane ciwon gaɓa atisaye ne maganinsa. Nawa ya fara ina da shekara 34, a yatsu da wuyan hannu biyu lokaci guda, suna kumbura, kuma sagewar safiya takan wuce awa guda, ga gajiya marar dalili. Shekara biyu ana ce mini sanyi ne ina shan jiƙe-jiƙe, kafin gwajin jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ya nuna rumatoyid ne, wato garkuwar jiki ce ke afka wa gaɓɓai. Wannan yana buƙatar magani na musamman irin su methotrexate a hannun ƙwararren likita, kuma jinkirin da na yi ya riga ya karkatar mini da yatsu biyu. Ina motsa jiki kullum kuma yana taimaka mini ƙwarai, amma a ranakun da ciwon ya taso ina tsayawa ga lanƙwasawa da miƙewa a hankali kawai. Duk wanda gaɓarsa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi ga zazzaɓi, asibiti zai nufa a ranar, haka ma mai sikila da ƙugunsa ya fara ciwo.

Ɗan Unguwar Rogo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa yayata bayanin soson, ta yi shiru, sannan ta ce ita za ta raka Hajiya sashen gashin ranar Litinin. Baba, na duba jakar kamar yadda ka ce, na kuma sami ƙullin ƙwayoyi iri biyu marasa suna, zan kai wa likita ya gani. Saura tambaya ɗaya ga Malama: Hajiya tana da hawan jini, shin akwai abin da za mu kiyaye?

Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ƙara da cewa:

Tafiya tana da amfani ga hawan jinin ma, matuƙar tana shan maganinta kuma awon ya daidaita. Ku faɗa wa wanda zai duba ta ranar Litinin, a auna ta kafin a fara. Kada ta riƙe numfashi yayin ɗaga ƙafa, ta riƙa ƙirgawa da baki, kuma idan ta ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi ya yi mata wuya ta tsaya nan take a kai ta asibiti. Ku ba atisayen mako shida zuwa takwas kafin ku yanke hukunci a kansa, kuna rubuta sau nawa take iya tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30 a farkon kowane mako, ku riƙa nuna mata takardar.