Doguwar sifika ta miliyoyi a falon Kano: kuɗin yana fitowa a kunne kuwa?

Abban Ilham, Tarauni

Assalamu alaikum. Masana sauti, ina neman shawara a kan dogayen sifikun nan da ake girkewa a ƙasa, irin KEF R7 Meta da R11 Meta, ko Focal Aria, har zuwa manyan yayyensu irin Bowers & Wilkins 802 D4. Falon ƙafa 18 ne a tsawo, 14 a faɗi, silin POP a ƙafa 10, ƙasa tayil, bango bulo da filasta, taga biyu masu gilashi. Kujeru a jere suke jikin bango kamar yadda aka saba. Wuta kuwa NEPA ce in ta zo, sauran lokaci inbata da sola. Abin da za a fi ji shi ne karatun Alƙur'ani, waƙoƙin kalangu da gurmi, na zamani, sai fim da daddare.

Wadda ta ninka 'yar'uwarta kuɗi sau biyar, ta ninka ta daɗin sauti? Wane amfilifaya ne zai ja su? Kuma gwanjo abin yarda ne?

Injiniyan Fagge

Wa alaikumus salam. Alhaji, ajiye sunan kamfani tukuna, mu fara da falon, domin daga wajen 300 Hz zuwa ƙasa ɗaki ne ke mulki (Hz ma'aunin kaurin sauti ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba siriri).

Kowane ɗaki yana da muryoyin da yake kumburawa. Lissafin ba wuya: raba 565 da tazarar bango biyu masu kallon juna, a ƙafa. Tsawon 18 ya ba ka 31 Hz, faɗin 14 ya ba ka 40, silin 10 ya ba ka kusan 57. Kowannensu kuma yana maimaituwa a ninkinsa, wato 62, 80, 113. Dubi 57 da 62, sun zo kafaɗa da kafaɗa, kuma a wannan yankin dukan babban ganga yake. Bangon bulo ba ya shanye bes, mayar da shi ciki yake. Sakamakon shi ne gunji guda ɗaya mai danne komai, ko wace waƙa aka sa. Sifika mai manyan wufa, wato mazugan da ke fitar da bes, kamar 802 ƙara wa wannan gunji wuta za ta yi.

Jeren kujeru jikin bango shi ne babbar matsalar. Duk waɗannan muryoyi a jikin bango suka fi ƙarfi, a kusurwa kuma abin ya fi muni. Tsakiyar ɗaki cif ita ma ba ta da kyau, nan 31 Hz ke ɓacewa.

Ga yadda za a jera. Sifikun su ba bangon ƙafa 14 baya, su kalli tsawon falon. Bar ƙafa biyu tsakanin bayansu da bango, musamman in ramin iskarsu a baya yake. Tsakaninsu ƙafa bakwai zuwa takwas, abin da zai bar wa kowacce aƙalla ƙafa uku daga bangon gefe. Kujerar saurare ta zauna wajen ƙafa 11 daga bangon gaba, yadda nisanka da kowace sifika zai yi kusan daidai da nisan da ke tsakaninsu. A auna da tef, kar a yi da ido. Karkato su kaɗan su kalli kafaɗunka, sannan ka sa karatun mutum ɗaya: in murya ta tsaya a tsakiya kamar mai karatun yana zaune gabanka, an dace. In ta baje ko ta karkata gefe, matsa inci biyu-biyu.

Tayil da gilashi su ke sa sauti ya yi kaifi har ya gajiyar da kunne. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falon, in ka ji wata 'yar ƙara tana karkarwa bayan tafin, akwai aiki. Kafet mai kauri tsakaninka da sifikun, da labule mai nauyi mai ninki, wanda Kantin Kwari ba za ta rasa yadinsa ba. Sai ka zauna, wani ya ja madubi jikin bangon gefe; duk inda ka hango sifika a madubin, nan sauti ke fara dukan bango ya dawo kunnenka. A rataya allon audugar dutse mai kaurin inci huɗu a wurin, an lulluɓe shi da yadi. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a wasu situdiyo ba ya komai sai tara ƙura.

Amma kar a yi zaton labule zai kashe gunjin 60 Hz. Tsawon zangon wannan sauti ya kusa ƙafa 19, yadi bai san ma ya wuce ba. Maganinsa sauya wurin zama, sai kuma rage shi da na'ura bayan an auna. Manhajar awon sautin ɗaki ta REW kyauta ce, makirfon awo na UMIK-1 kuma kuɗinsa bai kai na wayar sifikar da wasu ke saya ba. Da REW ɗin kuma za ka saki sauti a hankali daga 20 zuwa 200 Hz ka gano abin da ke karkarwa: fitilun cikin POP da firam ɗin taga na alminiyom ne suka saba, mutane kuma sifika suke zargi.

A falon nan, ajin R7 ya wadatar. R11 ma ta fara yawa.

Mai Kwayil

Injiniya ya gama da ɗaki, bari in taɓa amfilifaya da wuta.

Lamba biyu za ka duba a takardar sifika. Ta farko yawan ƙarar da take bayarwa a nisan mita ɗaya in an ba ta bolt 2.83, wanda ake aunawa da dB: R7 Meta 88 dB, 802 D4 90 dB, Klipsch Forte IV kuwa 99 dB a faɗar kamfaninta. Kowane ƙarin 3 dB yana cin ninkin wat, kuma sai an ƙara wajen 10 dB kunne ke jin ƙara ta ninku. Da sifika biyu masu 88 dB a nisan ƙafa tara cikin ɗaki, wannan bolt 2.83 zai ba ka wajen 84 zuwa 85 dB a kujera, wanda ya riga ya zama ƙara sosai. Dukan ganga kan yi tsalle da 15 dB a kan haka, wato ƙarfi sau 32. Ka ga amfilifaya mai wat 100 na gaskiya a kowane gefe ya ishe ka. Na gaskiya na ce, ba lambar talla irin 5000W PMPO da ake bugawa a kwali ba.

Ta biyu om, wato ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta, kuma nan ake faɗawa rami. An rubuta 802 D4 om 8, amma kamfanin da kansa ya ce tana sauka har om 3. R7 om 4 ce. Idan om ya sauka, sifika tana zuƙar wuta da yawa. Nemi amfilifayan da aka rubuta ƙarfinsa a om 4 ƙarara, misali 100 a om 8, 160 ko fiye a om 4. Wanda ya yi shiru kan om 4, yana da dalilinsa.

Ƙaramin amfilifaya da aka mure shi ya fi babba ƙona tiwita, wato 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti. In ya kai iyakarsa yana yanke kan sautin, wannan ƙazantar kuma tiwita take tafiya, kwayil ɗinta siriri ne kamar gashi. Da ka ji sauti ya fara tsagewa, rage. Tiwitar lu'ulu'u ta B&W ko ta beriliyom da Focal ke sawa a manyan samfuranta ba a naɗa musu kwayil a Sabon Gari, sai an yi odar sabuwa daga waje.

Inbata dole ta zama mai tsabtatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine wave. Ɗaya nau'in yana sa taransifomar amfilifaya gurnani da zafi. Tunda sola ce, duba amfilifaya ajin D: wajen kashi 90 na wutar da ya ja yana kaiwa sifika, ba ya zafi. Ajin A yana ƙona wuta ko ba a kunna waƙa ba, a watan Afrilun Kano kuwa murhu ka saka a falo. In wutar unguwa tana sauka, sa sitabilaiza mai servo, ka bar mai relay da ke ƙas-ƙas. Kashe amfilifaya kafin a juya layi zuwa janareta. Wajen kunnawa shi ne na ƙarshe, wajen kashewa shi ne na farko. Wanda aka kawo daga Amurka kuma a duba bayansa, in 120 aka rubuta kar ya ga soket ɗinmu na 230 sai da taransifomar ragewa.

Waya: jan ƙarfe zalla mai 2.5mm ya isa. Mita biyar, zuwa da dawowa, bai wuce om 0.07 ba. Kankare bakinta da wuƙa kafin ka biya, in fari ya leƙo alminiyom ne aka yi wa rufi.

Baban Hanif

Kar dai mu sa Alhaji ya ɗauka tsadar duk yaudara ce. Akwai abin da kuɗin ke saye. Na farko akwati: 802 D4 ɗaya ta haura kilo 80, Magico da alminiyom suke ƙera nasu, duk don kar katako ya riƙa rera tasa waƙar. Ƙwanƙwasa gefen sifika da ɗan yatsa, ta kirki za ka ji kamar dutse, ta banza kamar ganga. Na biyu sauti ya zauna da tsabtarsa in an ƙara murya. Na uku yadda take watsa sauti gefe da gefe, wanda a ɗakin bulo yake da muhimmanci ƙwarai, tunda rabin abin da kake ji daga bango ya dawo. Shi ya sa KEF ta dasa tiwita a tsakiyar mazugin murya, abin da suke kira Uni-Q.

Sai dai ribar tana raguwa da sauri. Tazarar da ke tsakanin home theatre na kanti da sifikar dala 5,000 ko kurma zai ji ta. Daga nan zuwa ta dala 30,000 bambancin yana nan, amma ƙarami ne, kuma falon da ba a gyara ba zai haɗiye shi. Kaso mai yawa na sauran kuɗin fenti ne, fatar katako, suna, jigila da kwastan.

Ido kuma yana ruɗin kunne. Floyd Toole da Sean Olive sun gwada haka a Harman a 1994: mutanen da suka ga sifika da farashinta sun ba da maki dabam da wanda suka bayar da aka ɓoye sifikun bayan labule. A nan gani bai kori ji ba, ɓata shi ya yi. In za ka gwada biyu a shago, daidaita ƙararsu da manhajar awon dB ta waya, domin wadda ta ɗara 'yar'uwarta ko da 1 dB ita kunne zai zaɓa.

Wani abin da ba a taɓo ba: me za a ba ta ta rera? Tsofaffin waƙoƙin kalangu yawanci daga kaset aka kwafo su, aka matse su MP3 mai 128 kbps, wato mai ƙaramin inganci, suka yi yawo waya zuwa waya. Sifika mai tsada asirinsu za ta tona, shuuu ɗin kaset da tsagewar murya su fito fili. Ga karatu da gurmi da goge, tsakiyar sauti ce komai, daga 200 zuwa 4,000 Hz. Tafi da abin da kake ji kullum, ka guji samfur mai kaifin sama.

Mai Kwayil

Na manta da gwanjo. Ana samun na kirki, ana kuma samun akwatin asali da aka cusa wa wufar kasuwa. Duba kan sukurorin, in sun ci sukundireba an taɓa buɗewa. Lambobin jikin biyun su kasance a jere ko kusa. Danna mazugin wufa a hankali da yatsu a kewaye daidai, in ka ji gurza kwayil ya taɓa ƙonewa. Zoben gefe in na soso ne ya fara marmashewa, sai an sauya. Na roba ya fi daɗewa. Sa mita a bakin wayoyin: mai om 8 kan nuna 5 zuwa 7, mai om 4 wajen 3, kuma biyun su yi kusan daidai. Taɓa batir mai 1.5 na ɗan lokaci, duk wufofin su motsa gefe guda. Ƙarshe, sa waƙa a hankali ka kai kunne bakin kowace tiwita.

Bayan an kawo gida, ƙurar hunturu ce abokiyar gaba. A bar ragar gaba a jiki, a rufe su da yadi in ba a amfani, a share da burushi mai laushi. Kar rana ta taga ta riƙa dukansu, tana tsattsaga fatar katako. A riƙa leƙa ramin iska, zanzaro da kyankyaso suna son wurin.

Abban Ilham, Tarauni

Allah Ya saka da alheri. Saura ɗaya: mutanen gida sun fi zama a ƙasa kan kafet, kuma janye kujeru daga bango ba zai yiwu kullum ba.

Injiniyan Fagge

Amin, Alhaji. An ƙera doguwar sifika ne don kunnen da ke wajen ƙafa uku daga ƙasa, daidai tiwita. Mai zama kan kafet kunnensa ƙafa biyu ne ko ɗan sama, kuma a yawancin sifiku da ka sauka daga layin tiwita murya takan dusashe a inda wufa da tiwita ke miƙa wa juna aiki. Irin Uni-Q ba ta cika wannan ba, don haka ta fi dacewa da gidanka. In wata ce, ɗaga ƙafafunta na baya rabin inci ta ɗan sunkuyo, amma a tabbata ta tsaya daram saboda yara.

Kujeru kuwa a bar su inda suke. A sami guda ɗaya marar nauyi da za a jawo lokacin saurare, a sa alama da salatif a kan tayil a ƙafa 11. Masu zama jikin bango kuma, a cusa toshen soson da ke zuwa cikin kwalin KEF a ramukan iska, gunjin zai ragu.