Kwana 7 ko kwana 14: gardamar allurar yaran da cuta ta shiga jininsu

Daga zauren WhatsApp na ma'aikatan lafiyar Zariya da kewaye

Mai Famasi, Sabon Gari: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau zan faɗi abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. Wannan al'ada ta riƙe yaro a gado kwana 14 ana ɗirka masa allura don ƙwayar cuta ta shiga jininsa, zamaninta ya wuce. Kwana 7 ya isa. A Nuwamban 2024 mujallar New England Journal of Medicine ta fitar da binciken BALANCE. Marasa lafiya 3,608 ne a asibitoci 74 na ƙasashe 7, wasu aka ba su antibiyotik kwana 7, wasu kwana 14. Bayan kwana 90, waɗanda suka rasu a ɓangaren kwana 7 kashi 14.5 ne cikin 100, a ɓangaren kwana 14 kuma kashi 16.1. Kuma fiye da rabinsu suna ɗakin kulawa ta musamman aka sa su a binciken. To me muke jira?

Sista, ɗakin yara: Wa alaikumus salam. Malam, a cikin 3,608 ɗin nan yara nawa ne?

Mai Famasi: Manya ne duka.

Sista: To ka gani.

Mai Famasi: Sista, ƙwayar cuta ba ta tambayar shekarun mutum kafin magani ya kashe ta.

Likitan Yara: Ita ba ta tambaya, amma jikin da take ciki ba ɗaya ba ne. Malam, binciken nan mai kyau ne ƙwarai, ni ma ya sauya min tunani a kan manya. Sai dai ka duba waɗanda aka ƙi saka wa a ciki tun farko. An cire duk wanda aka samu ƙwayar Staphylococcus aureus a jininsa. An cire mai raunin garkuwar jiki sosai. An cire wanda cutar ta kama masa ƙashi ko bawul ɗin zuciya, da wanda ke da mugunya a ɓoye ba a fitar ba. Yanzu ka shiga ɗakin gaggawa na yara a kowane asibiti a garin nan ka ƙirga gadaje. Wancan mai sikila ne, ƙafa ta kumbura, ana zargin ƙwayar Salmonella ta shiga ƙashi. Na kusa da shi mai tamowa ne, wanda ko zazzaɓi jikinsa ba ya iya yi balle ka ce zazzaɓin ya sauka. Na gaba jinjirin kwana 10 ne da cibiya ta ruɓe. Wato galibin yaran da ke hana mu barci, irin waɗanda binciken ya ajiye gefe ne.

Mai Famasi: Ranka ya daɗe, na yarda da masu sikila da masu ƙashi. Amma ai ba su kaɗai ke kwance ba. Yaron da ƙwayar E. coli ta hau jininsa daga mafitsara, ya farfaɗo a kwana na 3, yana cin tuwo yana rigima da uwarsa a kwana na 5, shi ma sai ya cika 14?

Likitan Yara: A'a. Wannan ni ma ba zan riƙe shi kwana 14 ba. Inda muka rabu da kai shi ne cewar da ka yi “kwana 7 ya isa” ka sa aya.

Hajiya Nas, mai ritaya: 'Ya'yana, wai wa ya ce muku 14 ce doka? Ku buɗe ƙaramin littafin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da yara a asibiti, bugun 2013, wanda kowane ɗakin yara ke da shi a aljihun tebur. Ga yaron da cuta ta shiga jini, ampisilin da jentamaisin ya ce, kwana 7 zuwa 10, ko seftriyazon na tsawon haka. Sati 3 da kuka sani na jinjiri mai sanƙarau ne. Ita 14 ɗin nan da ake rubuta wa kowa, tsoro ne ya haife ta. Likita na tsoron a sallami yaro ya dawo, sai ya ƙara sati don ransa ya kwanta, ba don yaron ba.

Ƙaramin Likita: Mama kin faɗi gaskiya wallahi. Mu da muke koyo, in ka rubuta 7 sai an tsare ka da tambaya a zagayen safe. In ka rubuta 14 ba mai ce maka uffan.

Ɗan Lab, Samaru: Ku bari na kusa da ƙwayar ya yi magana. Duk kun tsallake abu ɗaya. A BALANCE, ba daga ranar da aka kwantar da mutum ake fara ƙirga ba. Daga ranar da aka fara ba shi maganin da kalcha, wato gwajin rainon ƙwayar cuta daga jini a kwalba, ta tabbatar yana kashe ƙwayar tasa ake farawa. Kowa a cikinsu an san sunan ƙwayarsa, an san maganin da ke cin ta. Mu fa? Yaro ya zo bayan ya sha sirof ɗin kemis kwana uku, an yi masa allura biyu a gida, an zo asibiti an ɗaura seftriyazon, sannan washegari a tuna a aiko min da jini. Me zai tsiro a kwalbar? Ba komai. In ma ya tsiro, sai na yi kwana 2 zuwa 3 kafin in ce ga ƙwayar ga maganinta. Sau da yawa in fitar da sakamako in ga Klebsiella ce da ba ta jin ko ɗaya daga abin da ake bai wa yaron tun ranar Litinin. To kwanakin nan da suka wuce, a lissafin 7 ɗinka suke, Malam, ko a ina?

Mai Famasi: Ba sa ciki. A fara ƙirga daga ranar da aka sauya.

Ɗan Lab: Madalla. Wanda ba a yi masa kalcha ba kuma, daga yaushe?

Mai Famasi: Daga ranar da jikinsa ya nuna maganin na aiki.

Ɗan Lab: Ka ga kenan ka bar takardar BALANCE ka dawo ga idon likita.

Likitan Yara: Kuma wannan bijirewar da ƙwayoyin cuta ke yi wa magani ba labarin nesa ba ne. Binciken BARNARDS da aka buga a 2021 ya ɗebi jinin jarirai a ƙasashe 7, har da asibitoci a Kano da Abuja, ya tarar da yawancin ƙwayoyin irin su Klebsiella ba sa jin ampisilin, da yawa kuma ba sa jin jentamaisin. Maganin da bai dace ba, ko wata guda ka yi kana bayarwa, ruwa kake zubawa a kwando.

Mai Famasi: Yauwa Dokta, ka kawo ni inda nake so. Me ya haifi bijirewar? Ba yawan zuba maganin ba ne? Kowace rana ta ƙari da seftriyazon, kana kashe ƙwayoyin hanjin yaron masu amfani, kana bar wa masu taurin kai fili. Jentamaisin kuma kun fi ni sanin abin da yake yi wa ƙoda da kunne in an daɗe a kai, ga shi ba kowa ke iya auna yawansa a jini ba. Yaro ya tsira da rai ya koma gida kurma, wa zai ce sati na biyun nan ne ya jawo?

Sista: A nan kam ina bayanka. Ku da kuke rubuta kwana a folda, mu muke neman jijiya. Kanula, 'yar robar da ake bari a jijiya don allura, a hannun yaro ɗan wata takwas ba ta wuce 'yan kwanaki ta toshe ko wurin ya kumbura. A koma ɗaya hannun, a koma ƙafa. Kafin kwana na 10 sai ka ga mun aske gefen kansa muna haska fitilar waya, uwa ta juya baya tana kuka, kaka ta riƙe ƙafafu. Kuma ita kanular in ta daɗe, ƙofar sabuwar cuta ce. Ban da uban da ke tsaye a baranda, ya sayar da akuya ya sayar da buhun masara, kullum a miƙa masa sabuwar takardar magani. In ka ce masa 14 tun ranar farko, a kwana na 4 zai sa hannu ya ɗauke ɗansa. Da ka ce masa 7, da ya daure.

Hajiya Nas: Allah ya yi miki albarka. Wannan ba ya cikin littafi.

Jami'in Lafiya, yankin Giwa: Tun ɗazu ina karantawa. Mu a karkara ai an daɗe da raba mana wannan gardama, kuma da hannun Zariya a ciki. Binciken AFRINEST da mujallar Lancet ta buga a 2015 an yi shi a Kongo da Kenya da Najeriya, a nan gida kuma Ibadan da Ile-Ife da Zariya. Jarirai 'yan ƙasa da kwana 60 masu alamun cuta mai tsanani, waɗanda iyayensu ba su iya zuwa babban asibiti ba. Allurar jentamaisin ta kwana 2 da amoksisilin na sha kwana 7 ta yi aiki daidai da allurai 14. A kansa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a shekarar. In allura biyu ta wadatar a ƙauye, me ya sa a birni sai sati biyu?

Likitan Yara: Yallaɓai, a yi hattara da wannan, don kada wani ya karanta ya ɗauka. Jariran AFRINEST ba su ne muke magana a kai ba. Wanda ke jijjiga, ko ya suma, ko ba ya iya kama nono sam, ba a sa shi a ciki ba, asibiti aka ce a kai shi ko ta halin ƙaƙa. Kuma da alamu aka ɗauke su, ba da kalchar da ta nuna ƙwaya a jini ba. Tsari ne na inda tura yaro ya gagara, kuma ya ceci rayuka. Amma yaron da ke kan iskar oksijin hannuwansa sun yi sanyi, ba nasa ba ne.

Jami'in Lafiya: Na karɓa. Amma dai ya nuna an daɗe ana yin allurar da ba a buƙata.

Likitan Yara: Wannan ba musu.

Ƙaramin Likita: To Oga, gobe in na tsaya gaban folda me zan rubuta?

Likitan Yara: Ka ɗebi jinin kalcha kafin allurar farko, amma kada jiran kwalba ya sa yaron da jininsa ya faɗi ya wuce awa 1 ba magani. Ka rubuta ranar da za a sake dubawa, ba “a ci gaba” kawai ba. In ƙwayar mai jin magani ce, an san inda ta fito, zazzaɓi ya sauka yaro na ci, 7 zuwa 10 ya wadatar, kuma da zarar ya iya sha a duba ko za a koma na baki. Staph aureus ba ƙasa da 14 ba, in ta kama ƙashi ko zuciya sati 4 zuwa 6. Sanƙarau gwargwadon ƙwayarsa. In akwai mugunya a fitar da ita, ƙarin kwana ba ya maye gurbin wuƙa. Ka kuma tuna ko a BALANCE ɗin, kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan kwana 7 likitocinsu sun zarce da su.

Mai Famasi: Uku cikin huɗu kuma ba a zarce ba, Dokta. Ni har yanzu ina kan bakana: a mayar da 7 ita ce asali, wanda zai wuce ta shi zai rubuta dalili a folda, ba wanda ya tsaya a kanta ba.

Likitan Yara: Ga yaron da ya wuce jarirantaka kuma kalcharsa ta fito, zan iya sa hannu a wannan. Ga jinjiri da mai tamowa, ba da ni ba tukuna.

Ɗan Lab: Ku dai aiko min da jini kafin allura, ku cika kwalbar yadda ya kamata, ba ɗigo biyu ba. Sannan ku ci gaba da faɗanku.

Sista: Kai kuma ka riƙa ɗaga waya in mun kira ranar Asabar.