Neman shawara: gudun kilomita 21 bayan azumi, ga zafin Gombe

Abban Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi rajistar rabin gudun fanfalaki, kilomita 21, da za a yi a wani gari nan bayan Gombe cikin hutun Ista. Sati bakwai suka rage, huɗu daga ciki azumi ne. Shekarata 36, kuma ban taɓa wuce kilomita 12 ba. Ranar da na yi 12 ɗin ma na makara, sai wajen takwas na fita. Ina isa Tumfure jiri ya ɗebe ni, na zauna gindin dogon yaro, wani mai shayi ya miƙo min ruwan leda biyu kafin idona ya buɗe. Wallahi ina son gudun nan, da shi na rage tumbi bayan likita ya ja min kunne. Yaya zan yi atisaye da azumi a baki? Ko in haƙura?

Malam Sani PHE:
Wa alaikumus salam. Kada ka haƙura, amma ka sauya lokaci. Rana ce ta kayar da kai a Tumfure, ba nisa ba. Maris da Afrilu a garin nan zafi yana kai digiri 40, kowa ya sani. Cikin azumi ka mayar da gudunka bayan tarawihi, lokacin da ka sha ruwa abinci ya kwanta. Sau uku a sati ya ishe ka: biyu gajeru, kilomita 5 zuwa 6, ɗaya dogo. Dogon ka fara da 10, ka riƙa ƙara ɗaya ko biyu duk sati har ka kai 17 ko 18. Ba sai ka cika 21 a atisaye ba, ranar gasa sauran za su zo. Kuma ka yi a hankali, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ba. In magana ta gagare ka, saurinka ya yi yawa. Satin ƙarshe kuma hutu ne, ɗan sassarfa kawai.

Maman Yusra:
Yayana, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar likitan nan ta tsaya min a rai. Kan me ya ja maka kunne? In hawan jini ne ko suga, ka koma ya duba ka kafin ka ƙara ko kilomita ɗaya. Sannan gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri. Ka sayi ORS a kemis, ko ka haɗa: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka dinga duba fitsarinka da asuba, in ya yi duhu kamar shayi ruwan bai ishe ka ba. Jiri, amai, ko ka ji kanka ya ruɗe a kan hanya, ka tsaya nan take. Lambar yabo ba ta kai ran Abban Hafsat ba.

Baba Audu:
Ɗana, ni dai ban ga dalili ba. Goman ƙarshe mutane na tahajjud, kai kana titi? Ka bari sai baɗi.

Malam Sani PHE:
Baba, da gaskiyarka a kan goman ƙarshe. Sai ya rage a kwanakin, ya bar dogon mafi tsawo zuwa bayan Sallah, tunda akwai sati uku.

Ɗan Pantami:
Oga kar ka hau titin Bauchi da dare, tirela ba ta ganin mai gudu. Zo wajen filin wasa na Pantami, muna nan mu biyar bayan tarawihi. Abu biyu da na koya da jikina: kar ka sa sabon kambas ranar gasa, na taɓa yi, farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita. Kuma ka shafa Vaseline a cinyoyi da hammata. In ka ga yaran Pankshin a layin farawa, kar ka bi su. A kan tsaunin Filato suke atisaye, kilomita biyu za su ƙarar da kai.

Abban Hafsat:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Yusra, hawan jini ne, yana ɗan taɓa 140. Litinin zan koma asibiti in sha Allah, abin da likita ya ce shi zan bi. Baba, na ji, goman ƙarshe zan sassauta. Ɗan Pantami, ƙarfe nawa kuke haɗuwa, kuma ta wace ƙofa?