Jealous da envious, wai ma'anarsu ɗaya ce ko kuwa?

Sadiq: Jama'a a daina cewa "I'm jealous of your car", kuskure ne. Motar ba taka ba ce, envious ake cewa. Jealous sai a kan abin da ke hannunka kake tsoron wani ya ƙwace maka shi.

Maman Hanan: Haka aka koya mana, envy mutum biyu ne, kai da mai abin, jealousy kuwa sai da na uku, misali miji da mata da wanda ke neman shiga tsakani. Kishi da hassada kenan.

Malam Bashir: Rabon naku ya yi kyau amma ba haka Turawan suke magana ba. Ku buɗe ƙamus ɗin Turanci na Merriam-Webster, ya kawo ma'anar jin haushin abin da wani ya samu a ƙarƙashin jealous, kuma ba yaran intanet suka ƙirƙiro ba, an daɗe ana faɗa.

Sadiq: Malam ai ƙamus abin da mutane ke faɗa kawai yake kwasa, har da shirmensu.

Malam Bashir: To ɗan'uwa idan masu harshen ba su ne hujja ba waye hujja? Inda nake tare da kai ɗaya ne, jealous tana iya shiga gonar envious amma envious ba ta shiga tata, mijin da ya ga wani yana yi wa matarsa murmushi ransa ya ɓaci ba wanda zai ce masa envious, jealous ne dole.

Zee: Ni asalinsu ne ya burge ni. Envy daga invidia ta Latin take, wato kallon mutum da mugun ido, ita kuma jealous tushensu ɗaya da zealous, daga zelos ta Girkanci. Shi ya sa za ka ji an ce mutum yana jealous of his reputation, yana kare mutuncinsa, irin yadda muke cewa kishin ƙasa ba wanda ya ɗauke shi aibi.

Maman Hanan: Amma Zee idan ƙawata ta ce "I envy you" don na samu hutu ai ba hassada take min ba, sha'awa ce kawai.

Zee: Gaskiya anti, nan ta fi kusa da gibɗa, tana so ta samu ba tare da naki ya gushe ba.

Sadiq: Duk na ji, amma a jarrabawa envious zan rubuta wa motar nan.

Malam Bashir: Rubuta abinka, daidai ne. Kawai ka daina yi wa masu cewa jealous gyara a kwamen.